Tsofaffin takardun kuɗi a akwatin Alhaji: wa ya kamata ka tambaya farashinsu?

Ranar da aka buɗe akwatin ƙarfen kakanmu, bayan sadakar arba'in, takardun gona da na gida kowa ke jiran gani. Suna nan kuwa. Amma a ƙarƙashinsu, cikin wata gafaka da fatarta ta bushe har tana ɓarewa, sai ga kuɗi. Ba irin wanda za ka kai kasuwa a auna maka gishiri ba. Naira ɗai-ɗai mai hoton Herbert Macaulay ɗauri guda, sule biyar-biyar na takarda, 'yan Murtala, fam ɗaya na zamanin Sardauna, wata faffaɗar takarda mai hoton bishiyar kwakwa, 'yan sefa na lokacin da yake fatauci zuwa Maraɗi, da wata 'yar takarda mai rubutun Larabci da ya dawo da ita daga aikin hajji.

Baffa ya ɗaga mai bishiyar ya ce, "Wannan kaɗai ta saya mana fili. Turawa da miliyoyi suke neman irinta." Malamin da ya zo rabon gado ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ni ba na raba abin da ban san ƙimarsa ba. A nemo farashi tukuna." Da yake ni ne wanda wayarsa ba ta rabo da data, sai aikin ya faɗo kaina. Na je wurin dillali, na shiga kundin farashi na intanet, na bi diddigin cinikin da aka riga aka yi, na kuma tuntuɓi gidajen gwanjo na waje. Kowace hanya ta ba ni amsa, amma amsoshin ba su yi kama da juna ba, kuma wanda bai san dalilin bambancin ba zai iya sayar da abu mai daraja a wulaƙance, ko ya kashe kuɗin mota a kan abin da bai kai kuɗin motar ba.

Abin da ya fara karya mini guiwa shi ne gano cewa tsufa ba shi ne farashi ba. Takardun kuɗin Jamus na 1923, lokacin da kuɗinsu ya lalace har ake ɗaukarsa a baro, sun haura shekara 100 yanzu, amma yawancinsu dala ɗaya ko biyu ake sayar da su, domin an buga su kamar ƙasa kuma mutane sun ajiye su da yawa. Ita kuwa takardar Zimbabuwe mai dala tiriliyan 100, wadda ta fito a farkon 2009, ta fi su tsada nesa ba kusa ba, saboda kowa na son ya ce ya riƙe ta. Masu tara kuɗi abu uku suke biya: ƙarancin takardar, lafiyar jikinta, da yawan masu nemanta. Shekaru sai sun zo tare da waɗannan suke magana.

Namu kuma akwai dalilin da ya sa suka cika akwatuna. A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta sauya launin takardun naira, aka rufe kan iyaka, aka ba mutane ƙasa da mako biyu su canja. Duk wanda yake ƙauye, ko yake kan hanyar fatauci, ko bai yarda da banki ba, kuɗinsa ya mutu a hannunsa. Daga baya a 1991 aka mayar da kwabo 50 da naira 1 suka zama tsaba. Don haka abin da ka gani a akwatin kakanka, akwai irinsa a dubban gidaje daga Sakkwato har Yola. Waɗanda suka fi wuyar samu su ne na gabanin naira: fam da sulallan da Babban Bankin Najeriya ya fara fitarwa ranar 1 ga Yulin 1959, sai kuma na hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da Ingila ta kafa a 1912, waɗanda aka yi amfani da su a Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. Mai bishiyar kwakwar nan tamu daga cikinsu take, sule 20 ce, wato fam guda, ta shekarun 1940.

Maganar lafiyar jiki ita ce wadda mutanenmu suka fi rainawa, alhali a nan kuɗin yake. Masu sana'ar suna da matakai. Wadda ba a taɓa ninkewa ba, sabuwa fil kamar yau ta fito daga banki, ita suke rubuta wa UNC. Mai ɗan lanƙwasa guda mara zurfi AU ce. Idan ninkin bai wuce uku marasa zurfi ba, ko guda ɗaya mai ƙarfi, ta zama EF. Wadda ta sha hannu, ninki da yawa amma takardar na da sauran ƙarfi, VF ce. Daga nan sai a gangaro zuwa wadda ta yi laushi kamar tsumma, da mai huda a tsakiya inda ninki ya haɗu, da wadda gara ta ci gefenta. Tsakanin mataki da mataki farashi na iya rabuwa biyu. Takarda guda, shekara guda, sa hannu guda, amma ɗaya ta ninka 'yar'uwarta sau goma saboda kawai ba a taɓa cusa ta a lalita ba.

A nan ne muka yi asarar farko. Kafin in dawo daga masallaci, Goggo ta ga fam ɗayan nan ya yamutse, ta yayyafa masa ruwa ta bi shi da dutsen guga, wai don ya yi kyan gani idan mai saye ya zo. Da kyakkyawar niyya ta yi. Amma guga na kwantar da tudun tawadar da ake ji da yatsa, ta bar wa takarda wani sheƙi da ba nata ba, kuma ninkin bai tafi ko'ina ba, ɓuya kawai ya yi. Wanki da sabulu, liƙi da salatif, rufewa da leda mai zafi irin ta katin shaida, duk rage daraja suke. A bar kaza cikin gashinta.

Dillalin da na fara zuwa wurinsa mai sayar da kayan da ne a cikin birni, shagonsa cike da takubba da tsofaffin tasoshi da kwabbai masu huda a zare. Bai tambaye ni shekarar ko ɗaya ba. Ya goge hannunsa a riga, ya ɗauki fam ɗin ta gefe da yatsu biyu, ya fita bakin ƙofa ya ɗaga shi a rana, ya karkatar da shi har hasken ya kwanta a kai, ya kai shi hanci, sannan ya kaɗa shi kusa da kunne.

"Malam, wa ya goge wannan?"

Na ce goggona ce. Ya girgiza kai ya ce, "Allah ya ba ta lada, amma ta cinye muku rabin kuɗinsa." Nairorin ɗai-ɗai ko ƙirga su bai yi ba. Mai bishiyar kuwa ya daɗe yana juya ta, sai na ga ya ajiye ta gefe kamar bai damu da ita ba, ya ce in faɗi kuɗin gafakar gaba ɗaya. Na ce shi ya taya. Da ya taya na ce albarka.

Ban ga laifinsa ba. Dillali yana ba ka abu biyu da babu mai ba ka su a intanet: ido da ya ga dubban takardu, wanda zai gane jabu ko gyararriya cikin minti ɗaya, da kuɗi a hannu yau. Amma farashin da zai faɗa na sari ne. Shi zai ajiye kayan wata da watanni kafin mai saye ya ɓullo, dole ya bar wa kansa riba mai kauri. Kuma shi ne mai ƙimantawa, shi ne mai saye, ka ga kuwa ba a tambayar kura lafiyar akuya. Haɗarin da ya fi girma shi ne cinikin jimla, inda takarda ɗaya mai daraja za ta bi tarkace a kuɗin tarkace. Idan wannan hanyar za ka bi, sa a yi wa kowace takarda kuɗi ita kaɗai, ka kuma ji bakin mutum biyu ko uku waɗanda ba layinsu ɗaya ba.

Kundin farashi aikinsa daban. Masu tara takardun kuɗi a duniya suna kiran kowace takarda da lamba, wadda ake ce wa lambar Pick, daga sunan Albert Pick, Bajamushen da ya tsara babban kundin takardun kuɗin duniya. Murtala ta farko, wadda ta fito ranar 11 ga Fabrairun 1977, lambarta P18 a jerin Najeriya, sai ƙaramin harafi ya biyo baya gwargwadon wanda ya sa hannu. Shafin Numista kyauta ne, yana da hotunan gaba da baya, da lambobin, da bambancin sa hannu, har da ma'aunin da ke nuna yawan masu rajista da suka mallaki irin takardar. A nan na gane 'yar takardar Larabcin nan: rasit ne na alhazai da hukumar kuɗin Saudiyya ta fara fitarwa a 1953 don rage wa mahajjata ɗaukar riyal na azurfa, mutane suka mayar da shi kuɗi har zuwa 1961 da aka fitar da takardun riyal na sosai. A nan kuma na koyi duba sa hannu. Ɗaya daga cikin Murtalolinmu Adamu Ciroma ne ya sa mata hannu, shi kuwa ya bar kujerar gwamnan babban banki a tsakiyar 1977, 'yan watanni bayan fitowar takardar. Wadda ke ɗauke da hannun Abdulkadir Ahmed, wanda ya yi daga 1982 zuwa 1993, ba za a haɗa su ba wajen yawa. Masu tarawa suna duba har farkon lambar takarda, domin akwai waɗanda aka buga don maye gurbin waɗanda suka lalace a maɗaba'a, irin masu farawa da DZ, kuma ba su da yawa.

'Yan'uwanmu na Nijar su lura da harafi. Sefar Afirka ta Yamma iri ɗaya ce a ido, amma kowace ƙasa da harafinta a jikin takarda: H na Nijar ne, A na Kodebuwa, B na Benin, C na Burkina Faso, D na Mali, K na Senegal, T na Togo. Akwai E na Muritaniya, wadda ta fice a 1973. Masu tarawa harafi-harafi da shekara-shekara suke bi, saboda haka jaka guda, wato sefa 1,000, mai H ta wata shekara na iya bambanta da mai A ta shekarar, ko da zanensu ɗaya.

Wajen gane ko mene ne a hannunka, babu kamar kundi. Wajen farashi kuwa kada ka jingina da shi. Kamfanin da ke buga babban kundin ya durƙushe a 2019, alƙaluman da ke cikin tsofaffin bugu sun tsaya inda suke, kasuwa kuma ta yi gaba, wani wuri sama wani wuri ƙasa. Ko a lokacin da yake fitowa, hasashe ne na abin da mai shago zai nema, ba abin da za a ba ka ba. Kuma ido na saurin zamewa zuwa layin UNC, alhali takardarka VF ce ko ƙasa da haka. Baffa da na nuna masa shafin, layin ƙarshe kawai ya gani.

Hanyar da na fi yarda da ita, wadda da ita kaɗai za a bar mini da na zaɓa, ita ce duba abin da aka riga aka saya aka biya. Ka shiga eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, ka rubuta sunan ƙasa da adadin kuɗin da lambar Pick. Abin da zai fara fitowa farashin masu nema ne, kuma nan ne tushen duk labaran miliyoyin da ke yawo a Facebook da TikTok. Kowa na iya ɗora naira ɗaya ya rubuta dala 5,000, babu mai hana shi, babu kuma mai saye. Ka nemi wurin tacewa ka danna inda aka rubuta "Sold items", sai allon ya koma nuna cinikin da ya faɗa. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Da na yi wa nairorinmu haka, sai na ga sababbi fil ma 'yan daloli ne, waɗanda suka sha hannu kuwa a tara ake sayar da su. Mai bishiyar kwakwa ce kaɗai na ga ana rububinta, ita da rasit ɗin alhazai.

Sai dai wannan hanyar na son haƙuri da gaskiya. Ciniki ɗaya ba hujja ba ne, wataƙila mutum biyu ne suka yi zuciya a gwanjo. Ka tara biyar zuwa goma na watannin baya, ka buɗe hotunansu, ka ajiye taka a gefen waya ka kwatanta ninki da ninki, kusurwa da kusurwa, ka zubar da mafi tsada da mafi araha, ka riƙe na tsakiya. Inda na ga shakka tsakanin mataki biyu, na ƙasa nake ɗauka, don mai kaya kullum yana ganin kayansa sun fi yadda suke. Bayan haka ka cire la'adar dandalin, wadda ta haura kashi 10 cikin 100, ka cire kuɗin aikawa da rajista, ka tuna da wahalar karɓo kuɗi daga waje, ka kuma tuna cewa sabon mai sayarwa da babu wanda ya taɓa yaba cinikinsa ba ya samun farashin tsohon hannu. Abin da ya rage shi ne ƙimar takardarka ta gaskiya. Da na yi wannan lissafin, sai na ga tayin dillali a kan ƙananan takardun bai yi nisa da daidai ba. A kan manyan biyun ne ya yi ƙasa sosai. Raunin hanyar shi ne takardar da ba a cika gani ba, wadda za ka duba ka tarar babu cinikinta ko ɗaya a 'yan watannin nan. A nan sai ka koma rumbun tsofaffin gwanjo na Heritage da ke Dallas ko Spink da ke Landan, inda ake ajiye hoto da farashin da aka sallama shekaru da yawa baya.

Su waɗannan gidajen gwanjon, da irinsu Noonans, suna duba hoto su faɗi ra'ayinsu ba tare da an biya ba. Ka ɗauki gaba da baya a hasken rana, a kan baƙin ƙyalle, ba tare da walƙiyar kyamara ba, ka aika. Ko shirun da za su yi maka amsa ce. Idan suka karɓa, kayanka zai je gaban masu kuɗin da suka san abin da suke nema, kuma a nan ne takarda mai wuyar samu ke kai ƙarshen farashinta. Amma akwai la'adar mai sayarwa, akwai kusan kashi 20 cikin 100 ko fiye da ake ɗora wa mai saye, wanda shi ma yana lissafa shi kafin ya taya, akwai jiran watanni kafin ranar gwanjo da kuma bayanta. Kamfanonin tantancewa irin PMG na Amurka, wanda aka kafa a 2005, su ba sa saye. Suna tabbatar da cewa takarda ba jabu ba ce, su ba ta maki daga 1 zuwa 70, su rufe ta a leda mai hatimi. Hakan na kwantar wa mai saye na nesa hankali. Sai dai kowace takarda da kuɗinta, ga aikawa zuwa da dawowa, ga inshora, jimla gomomin daloli. Kai naira ɗaya ta Macaulay can daidai yake da yi wa jaki sirdin azurfa. Ni a ganina, takardar da cinikinta na baya bai kai ɗaruruwan daloli ba, ba ta da abin yi a wurin.

Akwai wata hanya ta biyar da ba na ƙirga ta cikin hanyoyi. Kwana biyu da wani ƙanena ya ɗora hoton kuɗin a Facebook, sai ga saƙo a WhatsApp daga wani wai wakilin Bature ne, ya taya kuɗin da ya sa Baffa miƙewa tsaye, sharaɗin kawai a tura kuɗin rajista da na takardar izinin fitarwa. Cinikin biri a sama. Mai saye na gaskiya ba ya neman ka fara biyansa.

To, wa zai bi wace? Idan abin da ke hannunka naira ce ta 1973 zuwa yau kuma ta sha hannu, rabin awa a Numista da eBay ya ishe ka sanin cewa ba ta kai a yi rigima a kanta ba. Ka ajiye ta don tarihi, ko ka ba dillali idan kana so ka rabu da ita. Idan sababbi ne fil masu lambobi a jere, kada ka raba su, kada ka ƙirga su da yawu, a jerensu sun fi daraja. Idan fam ne ko sule na gabanin 1973, ko tsohuwar sefa, ko kuɗin da alhazan da suka bi ta Chadi da Sudan suka dawo da shi, ka gane shi a kundi, ka duba cinikin baya, sannan ka je wurin dillali da lamba a kanka. Gidan gwanjo sai ga wadda cinikin baya ya nuna ta kai, ko wadda ka neme ta ko'ina ba ka ga irinta ba. Wanda bukata ta matsa wa, kamar magada masu jiran a biya bashin mamaci, dillali ne nasa, amma bayan ya yi wancan binciken, ba kafinsa ba.

Abu biyu ba su shafi farashi ba amma sun shafi mai sayarwa. Tsofaffin 200 da 500 da 1,000 na gabanin sauyin 2022 har yanzu kuɗi ne masu aiki, bisa hukuncin Kotun Ƙoli na 2023, don haka darajarsu ita ce abin da aka rubuta a jikinsu. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta tallan takardun naira da cinikinsu, da hukuncin ɗaurin da bai gaza wata 6 ba ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, kuma lafazin sashen na da faɗi, ya ambaci duk takardar da bankin ya fitar. Wanda zai mayar da abin sana'a ya fara zama da lauya. Na biyun kuwa malamin rabon gado ne ya tayar da shi da kansa. Ya ce kuɗin da ake kashewa yau ba a sayar da shi da jinsinsa da ƙari, riba ce, amma wanda hukuma ta kashe ya zama haja kamar tsohuwar tasa, malamai da dama na ganin halas ne a sayar da shi yadda aka daidaita.

Da na kai masa lissafi, ya rubuta ƙananan takardun da 'yar ƙimar da na samo, magada suka yafe wa juna, aka bai wa kowane jika naira ɗaya ta Macaulay. Na cire robar da ta narke a jikin ɗaurin da tsatsattsiyar allurar da ke maƙale da sefar, na sa kowace takarda a ambulan ɗinta, a kwance, nesa da bangon da ke jiƙa da damina. Mai bishiyar kwakwa da rasit ɗin alhazai na aika hotunansu gidajen gwanjo biyu. Ɗaya ya amsa bayan kwana tara, ya ce zai karɓi mai bishiyar, ya faɗi ƙiyasin da ya ninka tayin dillali amma ko harsashin fili ba zai saya ba. Baffa ya ce a dakata, wataƙila ta ƙara tashi, malam ya ce ba zai rufe takardar gado a kan wataƙila ba, suna nan suna ja. Fam ɗin da aka goge kuwa Goggo ta ce a cire kuɗinsa daga kasonta, ta sa shi cikin Dala'ilun marigayi.